Ƙasar Gonar Babana a Bayan Jan Hatimin Kotu

Duk ɗaliban Hausawan da na tarar a unguwar Ainu Shams a ƙarshen shekarar 2011 addini suka je Alƙahira karantawa, ni kaɗai na je karatun turɓaya. Da safe su fita da littattafan fiƙihu da tafsiri, ni in fita da takalmin roba in kama jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsangayar noma a Giza. Ba a yi mako guda ba aka sa mini suna Manomi. Wanda ya raɗa mini sunan kuwa shi ne mutumin da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Kawu muke ce masa, duk da ba kawun kowa ba ne. Shekararsa goma sha bakwai a Masar, kuma babu mai iya gaya maka ajin da yake. Shi ke tarbar sabon ɗalibi a filin jirgi, shi ke nemo gidan haya, shi ya san tagar da ake bin layi in za a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. A gefe yana sayen abayoyi da littattafai da man habbatus sauda yana turawa Kano ta hannun masu komawa gida. Carbi a hannun dama, waya biyu a hagu, bakinsa kuma zuma. Kowa “ɗana” ne a wajensa. Mu kuma mun taso da cewa neman takarda a hannun babba cin fuska ne, in ya ce an gama to an gama. Gidan da mu shida muke ciki ma ba mu taɓa ganin takardar hayarsa ba.

Bincikena a kan abu guda ne: yadda ƙasar gona ke riƙe hayaƙin nan da ke ɗumama duniya. Shuka tana zuƙarsa daga iska, ta mayar da shi saiwa da kara da ganye, in sun ruɓe ƙasa ta haɗiye ta ɓoye shekara da shekaru. Wata ƙasar tana riƙewa da yawa, wata ta sake shi da wuri. Ni kuma na yi imani gonar babana, da bishiyoyin gawonta da takin dabbobin da yake kai mata tun kafin a haife ni, ta fi gonakin takin zamani riƙo. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa da muke kira Doktora, ta ce to in je in kawo ƙasar a auna, baki ba ya zama hujja.

Bayan kakar 2012 na koma gida na yi mako uku ina haƙa. Wuri goma sha shida na zaɓa a gonar, kowane wuri na ɗebi ta sama, da ta zurfin taƙi ɗaya, da ta zurfin kamu ɗaya. Jaka arba'in da takwas ke nan, ƙananan jakunkunan yadi da tela ya ɗinka mini. Baba yana zaune a gindin gawo yana kallona yana girgiza kai, wai ya tura ɗa Masar neman ilimi ya dawo masa da aikin gafiya. Amma da ya ga ina rubuta lamba a jikin kwali, sai ya ce lamba ba ta san gona ba. Ya aika aka ɗauko masa tawada da alƙalamin kara, ya riƙa rubuta wa kowace jaka sunanta da ajami: bakin rijiya, sama. Bayan rumbu, taƙi ɗaya. Gindin gawo, kamu ɗaya. Ni kuma in sa lambata a bayan kwalin in ɗaure a wuyan jakar. Ban taɓa yin wani aiki da shi mu biyu kaɗai ba sai wannan.

Da na dawo Alƙahira aka ce akwai layi a ɗakin awo, sai bayan wata uku, in shanya ƙasar a inuwa ta bushe sarai kafin nan. Ina zan shanya ƙasa a gidan da mutum shida ke tsallake juna? Sai Kawu ya ce, “Manomi, wannan ma abin damuwa ne? Biyo ni.” Ya hau da ni saman benen da muke haya a ciki, hawa na shida, inda matar mai gadi ke kiwon tattabaru tana shuka na'a-na'a a gwangwanaye. A can akwai wani ɗaki da mai gidan, wani tsoho Bamisire, ke ajiye tarkacensa: tsohon gado, akwatunan ƙarfe, kujeru masu karyayyun ƙafafu. Tsohon ya ba Kawu makulli tuntuni don ya riƙa ajiye kaya. Na jera jakunkunana a ƙasa, bakinsu a buɗe, na yi godiya har da rusunawa.

Ba a yi wata biyu ba tsohon ya rasu. 'Ya'yansa da ƙannensa suka kaure da rigima a kan benen, har aka je kotu. Kotu ta ce tunda ba su daidaita ba, kowa ya cire hannunsa, ta naɗa wani lauya ya riƙe gidan har a gama shari'a. Su suna ce wa wannan hirasa, mai riƙon kuma haris. Magada suka ce akwai takardun marigayi a akwatunan da ke ɗakin sama, kuma kowa na zargin ɗan'uwansa zai sace, don haka kotu ta ce a rufe ɗakin.

Ranar da aka zo rufewa ina Giza. Da la'asar na dawo na hau sama in juya ƙasata, na tarar da ƙyalle fari an miƙe shi daga ƙyaure zuwa bango, an ɗiga jan kaki a kowane gefe an danna hatimi. Mai gadi ya hango ni ya ɗaga hannu biyu yana cewa, “Mamnu', mamnu'!” wato haramun ne taɓawa, wanda ya karya sai kurkuku. Da ɗan Larabcina na lokacin na gane sauran bayanin. Magatakardar kotu ya leƙa ɗakin ya tambaya ko akwai kayan wani a ciki, a fitar kafin a rufe. Kawu na tsaye a wurin a matsayin wakilin ɗalibai. Ya ce babu, duk abin da ke cikin ɗakin nan na marigayi ne, shi bai ma taɓa shiga ba. Aka rubuta, ya sa hannu.

Na same shi a ɗakinsa yana shan shayi. Na ce, “Kawu, ƙasata fa?”

Ya ce, “Ma'alish, ɗana, yi haƙuri. In na ce ina da makulli, duk takardar da ta ɓace a kaina za a ɗora. Ga iƙamata ta ƙare. Kana so a kore ni saboda turɓaya?”

“Kalma ɗaya ce, Kawu. Ka ce na wani ɗalibi ne.”

“Haba Manomi, ƙasa ce fa. Duk inda ka taka akwai ta. Khalas, shi ke nan, mako biyu za a buɗe.” Ya miƙo mini kofin shayi. Na karɓa na sha, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shayin.

Washegari na gaya wa Doktora. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce abin mamaki, Turawa kalma ɗaya suke amfani da ita ga abin da nake bincike da abin da ya same ni: sequestration. Ƙasa ta tsare hayaƙi ta hana shi komawa iska, kotu ta tsare dukiya ta hana masu rigima taɓawa, har likitoci ma suna faɗinta in saifar mai ciwon sikila ta tare jini ta ƙi saki. Duk dai a keɓe abu ne a riƙe shi inda hannu ba ya kaiwa. Ita abin ya ba ta sha'awa, ni ban ga abin sha'awa ba. Amma ta faɗi magana ɗaya da na riƙe: busasshiyar ƙasa ba ta lalacewa, ko bayan shekaru aka buɗe za a iya aunawa, muddin kowace jaka na tare da kwalinta ba a gauraya ba. Ta ce in fara wani aikin da ƙasar gonakin bayan Giza don kada karatuna ya tsaya, tawa kuma in ta fito sai mu ɗora.

Mako biyun Kawu suka zama wata shida, suka zama shekara. Na san harabar kotun nan kamar tsakar gidanmu. Na kai takardar koke an ce in kawo shaida, shaidar kuma ita ce Kawu, Kawu kuma kullum yana da uzuri. Abu ɗaya na samu a wannan zirga-zirgar: Larabcina ya nuna, na iya rubuta wasiƙa irin ta lauyoyi, mai ladabi a sama da ƙugiya a ƙasa. Kowace Juma'a in hau sama in duba hatimin, in gan shi lafiya lau, in sauko da kwanciyar hankali.

A ƙarshen 2013 Baba ya rasu. Ban samu jana'iza ba. Kafin in gama shan wannan baƙin cikin, aka gaya mini gari ya cim ma gonar, 'yan'uwa sun yanka ta fuloti-fuloti, an sare gawon an fara zuba bulo. Daga ranar jakunkunan nan suka tashi daga kayan bincike a wajena. Su ne abin da ya rage na gonar, da rubutun hannunsa arba'in da takwas. Na daina hawa saman ma, don in na tsaya a gaban ƙofar nan kuka nake yi.

Sai da zafin 2014 ya kankama na sake hawa, igiyar shanyarmu ce ta tsinke. Hatimi na nan yadda yake. Amma gwangwanayen matar mai gadi sun ƙaru, har da tsofaffin bokitai, kuma a cikin ɗaya, a tsakiyar na'a-na'a, na ga wata shuka da ta sa na ajiye wankin a ƙasa. Ganye bibbiyu masu faɗin kai, da ɗan fure rawaya. Tafasa ce. Shekarata uku a Masar ban taɓa ganin tafasa ba. Na durƙusa na tura yatsa cikin gwangwanin, a ƙarƙashin kashin tattabaru na tono jar ƙasa mai yashi-yashi. Ƙasar bakin Nilu baƙa ce mai danƙo. Wannan kuwa ko ido a rufe na san ta.

Na tambayi matar, “Hajja, ina kika samo wannan ƙasar?”

Ta ce, “Kawunku ne ya ba ni, Allah ya saka masa. Ya ce ta banza ce, tana tare masa wuri. Na juye duka a baho na cakuɗa da taki.”

“Kwalayen da ke wuyan jakunkunan fa?”

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ta haɗa da shara, jakunkunan kuma ta yi tsumma da su. Ba ta san komai ba baiwar Allah, har tana tambayata ko shukar nan ana ci.

Na zagaya bayan ɗakin, inda ban taɓa tunanin dubawa ba. Akwai wata taga ta katako da ke kallon saman benen maƙwabta, tsakaninsu taku ɗaya. An cire ƙusoshinta an mayar a kwance. Na leƙa ta tsaga: katan-katan jere har rabin bango. Ashe da Kawu ya ga ɗakin da babu mai shigarsa, ba magaji ba ɗan sanda, sai ya ga ya samu sito mafi tsaro a Alƙahira. Ta tagar nan da zai iya miƙo mini jakunkunana cikin minti goma, ta nan ya fitar da su ya ba mai tattabaru, don in sun dawo hannuna kowa zai tambayi yadda aka yi.

Ban yi ihu ba, ban sauka na shaƙe shi ba, ko da yake hannuwana sun so. Na shanya wankina tsaf. Da yamma muka haɗu a bakin masallaci na gaishe shi har da tambayar gajiya. Ya ce, “Manomi, ana ta haƙuri ko?” Na ce, “Ana ta yi, Kawu.” Na tsane shi a ranar, tsana mai sanyi, irin wadda ba ta hana mutum barci.

Na san kasuwarsa. Ɗakin yana cika ya ragu, amma babban cikarsa gab da azumi ne, lokacin da yake tara kayan Sallah kafin ɗalibai su tafi hutu ya rarraba musu. Don haka na jira. Wata goma ina leƙa tsagar nan ina gaishe shi a masallaci. Na gama aikina da ƙasar Giza, aiki mai kyau in ji Doktora, ni dai ban ji komai a kansa ba. Da watan Sha'aban na 2015 ya kama, katan suka kai rufi. Har da kayan mutane da ya karɓo da alkawarin kaiwa.

Na zauna na rubuta wa haris wasiƙa. Ban ambaci sunan kowa ba, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ni mazaunin gidan ne, na lura tagar bayan ɗakin da kotu ta rufe ta saki, kuma ina tsoron kada wani abu ya salwanta a tuhumi mai girma haris, tunda amanar a wuyansa take. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta tashe shi daga kujera. Cikin kwana tara ya samo izinin kotu, ya zo da magatakarda da mai walda da sandunan ƙarfe.

Da hantsi ne. Mai gadi ya kira Kawu a matsayinsa na wakilin ɗalibai, ya hau yana murmushi, sai da ya ga mai walda murmushin ya tsaya. Magatakarda ya karya hatimi ya tura ƙofa. Haris ya dubi katan, ya dubi tsohuwar takardar da ke hannunsa, wadda a jerin kayan ɗakin aka rubuta “kaya iri-iri da jakunkuna” kawai. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, hawa shidan nan ya gama da shi, kuma a fuskarsa ka san ba ya son doguwar magana. Ya ce, “Abayoyi sababbi a ɗakin mamaci? Ku ji nan. In kayan ɗalibai ne da aka manta a ciki tun farko, mutum biyu su sa hannu, ku kwashe duk abin da yake naku, yalla, maza, in rufe in tafi. In ba haka ba, komai ya zauna sai ranar da kotu ta gama.”

Mai gadi ya ja da baya ya ce shi bai ga komai ba. Saura ni.

A lokacin ne idona ya sauka a kansa. A ƙasa, kusa da ƙafar tsohon gadon, wani ɗan kwali da ya tsinke ya faɗi, ƙura ta rufe rabinsa. Daga bakin ƙofa ina iya ganin baƙar tawadar da lanƙwasar hannun Baba. Na taka zan shiga, magatakarda ya tare ni da hannu ya ce ko tsinke ba ya fita sai an sa hannu.

Kawu ya bi idona ya gani. Ya matso har ina jin turarensa, ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, “Ɗana, ka rufa mini asiri. Duk abin da na mallaka yana cikin nan, har da na mutane. Ka sa hannu kawai. Ka ɗauki takardar babanka, in kwashe kayana, khalas.”

Ashe ya san rubutun waye. Da bai faɗi haka ba, wataƙila da na yi rauni.

Na ce, “Kawu, kalma ɗaya ce ko?”

“Kalma ɗaya ce, ɗana, don girman Allah.”

Na daɗe ina kallon kwalin. Ina son sa fiye da takardar digirin da na zo nema, wannan gaskiya ce. Haris ya buga sandarsa a ƙasa ya ce me ake ciki. Na juya na ce masa da Larabcin da na koya a harabar kotunsu, “Ranka ya daɗe, ba ni da abin da zan ƙara a kan shaidar wannan dattijo. Ga ta nan a hannunka, ya ce duk abin da ke cikin ɗakin nan na marigayi ne, shi bai ma taɓa shiga ba. Babbanmu ne, ba zan ƙaryata shi ba.”

Haris ya dubi Kawu ya ce, “Haka ne?” Kawu ya dubi katan ɗin. In ya ce nasa ne shi kaɗai ba mai mara masa baya, sai a tambaye shi ta ina suka shiga. Carbin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi. Ya ce, “Haka ne.”

“Tamam,” in ji haris. Mai walda ya gicciya sanduna huɗu a tagar, magatakarda ya ja ƙofa, ya miƙe sabon ƙyalle, ya kunna kyandir ya ɗiga jan kaki. Na tsaya har ya danna hatimi na biyu. Kawu ya zauna a kan bokitin na'a-na'a ya dafe kai, ni kuma na ce masa, “Ma'alish, Kawu. Mako biyu za a buɗe.”

Azumin nan bai sha da daɗi ba. Masu kaya suka yi masa caa, sababbin ɗalibai suka daina zuwa wajensa, kafin in bar Masar a ƙarshen shekarar ya koma wata unguwa can bayan gari. Wasu sun ce na yi tsanani, wai ɗan'uwa ne a ƙasar mutane. Na ce ni ma a ƙasar mutane nake lokacin da ya juye gonar babana a baho. Duk shekara in azumi ya gabato sai ya aiko wani ya nema masa yafiya, ni kuma in ce a gaya masa maganar tana gaban kotu.

Ranar da zan taho na hau sama na tsinke tafasar nan duka, na dafa na yi kwaɗo da ƙuli-ƙulin da ya rage mini, na ci ni kaɗai ban yi wa kowa tayi ba. Ina tambayar masu zuwa daga can lokaci-lokaci, kuma labarin da na ji na ƙarshe shi ne magada ba su daidaita ba, ɗakin yana rufe. Ban yi nadama ba, amma ba ranar da ba na ganin kwalin nan a ƙasa kusa da ƙafar gadon. Na samu na karanta shi kafin a ja ƙofar. Gindin gawo, kamu ɗaya.